Jinginar Taya a Ƙarƙashin Gadon Inna

Ina da shekara arba'in da bakwai na fara riƙe fensir. Kafin nan abin da hannuna ya saba riƙewa taɓarya ce da kunnen yara. Anka buɗe ajin manya a ƙauyenmu, can tsakanin Gatawa da Sabon Birni, na shiga, na yi shekara biyu, na fito ina karanta takardar magani, ina rubuta sunana ba tare da na fiddo harshe ba. Daga nan sai girman kai ya hau ni. Na ɗauka ba a haifi wanda zai cuce ni ba, tunda yanzu in an ce in dangwala sai in ce a miƙo in karanta. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ce jahilci ne ya ja mini. Da ilimina anka cuce ni, da rana tsaka, kuma ni ce mai ɗaga murya.

A shekarar da nake magana, mutanen daji sun matsa mana. Ba za ni tsaya lissafa abin da sunka yi ba, wanda ya zauna yankin ya sani. Mijina ya daɗe da rasuwa, ɗana yana garin Isa yana sayar da hatsi, ya kama mana ɗaki biyu, ya aiko in taho. Da ni kaɗai ce, kabu-kabu ta ishe ni. To akwai Inna, mahaifiyata. Shekara uku ɓarin jikinta a shanye, ba ta zama sai an jingina ta da bango. Ba a ɗora irinta a babur. Sai mota, sai katifa a shimfiɗe. Kuma tsakaninmu da babbar hanya akwai gulbi. Da rani yashi ne, ko akuya ta ƙetare. Ruwa na sauka sau biyu ko uku, shi ke nan, mota ba ta sake shigowa sai kaka. Ni kuwa na san ba za ni iya gudu cikin gero da tsohuwa a baya ba in an shigo gari. Ko in fitar da ita kafin gulbi ya kawo, ko mu zauna mu jira abin da zai same mu.

Abin da baƙo ba zai gane ba shi ne, a lokacin ba a cewa za a tashi. Kowa na tsoron infoma, masu kai wa mutanen daji labari. In sun ji gidan wane zai tashi, sun san an sayar da dabba, akwai kuɗi a hannu, akwai ranar da mota za ta bi hanya da mata da kaya. Saboda haka ko 'yar'uwarka ba ka gaya wa. Direbobin kirki ma haka suke aiki. Ba su faɗin rana, ba su faɗin hanyar da za su biyo, su karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami saboda mai, sai dai kawai ka ga mota a ƙofar gida. Wato mai gaskiya da ɓarawo tufafinsu ɗaya, maganarsu ɗaya.

Wata hantsi anka yi sallama a zaure. Na fita na tarar da wani mutum fes da shi, da 'yar riga mai ƙyalli a kan kaftani, da kati rataye a wuya. Baburinsa na jingine, an ɗaure wata babbar taya a baya.

“Hajiya, barka da hantsi.”

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba.

Ya rage murya ya ce shi wakilin wani kamfanin kwasar kaya ne daga Sakkwato, aikinsu fitar da mutane cikin sirri. Ban tambaye shi wa ya gaya masa ina son tashi ba. Na ɗauka ɗana ne ya turo shi. Daga baya na gane ba ya bukatar kowa ya gaya masa. A garinmu ko wace ƙofa ka buga, ka dace.

Ya faɗi kuɗi, munka ja, ya rage. Ya ce rabi yanzu.

Na ce, “Rabi? In ba ka rabi ka hau babur ka tahi, ni in riƙe mi? Hayaƙi?”

“Akwai rasit, Hajiya.”

Ya fiddo littafi, ya rubuta, ya buga hatimi. Na karɓa na karanta da ƙarfi, harafi harafi, don ya san da wa yake magana. Ya ce, “Kai! Ashe Hajiya malama ce.” Wannan ma ban gyara masa ba.

“Takarda ta yi,” in ji ni, “amma takarda ba ta ɗaukar Inna. Jingina nika so.”

Ya buɗe hannuwa, wai shi ba shi da komai. Sai idona ya faɗa kan tayar nan.

“Waccan fa?”

Ya zabura kamar na taɓa masa uwa. “A'a! Hajiya, wagga safayar motar ce, ita ɗai gare mu. Faci na kai ta. Ba direban da ka shiga dajin ga babu safaya. Ki rufa mini asiri, kora ta za a yi.”

Jin haka na tabbata na kama shi a maƙogwaro. In motar ba ta iya aiki sai da wannan taya, to dole motar ta zo inda tayar take. Na kama igiya na fara kwancewa. Ya riƙe, na ja, ya ja. Ya haɗa ni da Allah, ya ce yana da 'ya'ya shida. Na ce ni ma ina da uwa ɗaya. A ƙarshe ya saki, ya zauna bakin dakali ya dafe kai. Na shiga na ɗauko kuɗin ragunana biyu da na sayar a ɓoye, na ƙirga masa rabi. Ya tafi yana share ido da hannun riga. Wallahi har tausayinsa na ji.

Na gangara da tayar cikin gida, na tura ta ƙarƙashin gadon Inna, na saki zanen gado ya rufe.

Ciwo ya karkatar wa Inna baki, amma bai taɓa kaifinsa ba.

“Ke, mi ka wari awa an ƙone takalmi?”

“Motarmu ce, Inna.”

Ta ce, “Ina sauran?”

“Tana tahe.”

“Gutsure-gutsure za a kawo ta?”

Na shiga jira. Na ɗaure kaya a ɗaka, na bar tukunya ɗaya a waje. Kullum da safe in yi wa Inna wanka, in sa mata zanen fita, in ɗaura mata kallabi, ta wuni a haka kamar mai jiran biki. A waje kuwa sai na ƙara nuna ni mai zama ce. Na ɗauki fartanya na je na share gona. Na shiga wurin maƙwabciyata, matar wanzami, na ce ta ranta mini irin gero, nawa ya yi ƙwari. Ta ba ni, ta ce ita ma in taimaka mata da irin wake. A satin nan ta kwaɓa ƙasa ta yaɓe katangarta tun daga zaure har bayan gida. Na ce a raina, Allah sarki, wannan baiwar Allah ba ta san za ta wayi gari babu ni ba. Ban taɓa ganin garinmu ya yi gyara irin na bazarar nan ba. Ko ina ana yaɓe, ana sabon jinka, ana gyaran indararo. In baƙo ya shigo sai ya ce mutanen nan sun yi niyyar shekara ɗari.

Waya ba ta kamawa a cikin gari lokacin. Sai an hau wani tudu gabas da mu, a ɗaga hannu sama a kamo sabis ɗin Nijar. Bayan kwana goma na fara hawa ina kiran lambar da ke jikin rasit. A kashe. Na ce wannan alamar ƙwarewa ce, direban kirki ba ya barin waya a buɗe. A kan tudun ina tarar da mata biyar, shida, kowace ta ba 'yar'uwarta baya, ta ɗaga waya sama.

“Wa kike nema?”

“Ɗiyata ta Sakkwato. Ke fa?”

“Ni ma ɗiyata.”

Har da wadda duk gari an san Allah bai ba ta ɗiya mace ba.

Kwana ashirin da uku. Hadari ya fara haɗuwa da la'asar yana watsewa. Na daina cin abinci sosai. In na ji rugugi daga nesa sai in fito da gudu, in tarar tsawa ce. In hankalina ya tashi sai in shiga in ɗaga zanen gado in dubi tayar, in ce ai ba inda za su.

Kaza ce ta tona asiri. Ina da wata wake-wake da ta ɗauki ɗabi'ar yin ƙwai a gidan mutane. Ran nan na bi ta, ta tsallaka gidan wanzami, ta shige ɗakin matar, ta kutsa ƙarƙashin gado. Matar na bayan gida. Na durƙusa na zura hannu, sai na ji roba. Na ɗaga zane. Ga kazata kwance tsakiyar taya, ta yi ɗaiɗai.

Ban yi tunani ba. Na fito tsakar gida ina ihu. “Ɓarauniya! Da girmanki da yaɓen katangarki! Yaushe kika shiga ɗakin Inna?”

Ta fito da buta a hannu. “Yaya, lahiya?”

“Tayata!”

“Tayarki? Wallahi tawa ce. Da ƙarhina na ƙwace ta, mutumin har kuka ya yi.”

Na tsaya. Na juya na koma gida, na ɗaga zanen gadon Inna. Tawa na nan. Matar wanzami ta biyo ni, ta leƙa ta kafaɗata. Munka dubi tayar, munka dubi juna.

Inna ta ce, “An kawo ta biyu? To saura kaɗan.”

Munka fita gida gida. Abin da wuya, don ba a shiga gidan mutum a ce masa kana da taya. Gidan farko matar ta rantse ba ta san zancen ba. Na ce matsa, na shiga ɗakinta ina shinshina. Wata guda ina kwana da warin nan, ko cikin daddawa aka ɓoye shi sai na gane. Tana bayan tulu, an rufe ta da tabarma. Daga nan ban ƙara tambayar kowa ba, hanci kawai nake bi. Wani gida mun sami biyu. Matar ta ɓoye tata a ƙarƙashin gado, maigidan ya jefa tasa cikin rumbu, kowanne ya biya a ɓoye yana jiran ranar da zai ba ɗaya mamaki. Mun bar su suna ba juna mamakin.

Kafin azahar an tara taya goma sha huɗu a tsakar gidana. Babu biyu masu girma ɗaya. Akwai wata 'yar ƙarama, ta keke mai ƙafa uku, wadda wani dattijo mai saƙar tabarma ya rungumo. Da anka yi masa dariya ya ce, “To shi ya ce mini motar daga gaba siririya ce.” Wanzami, wanda ya taɓa zama birni, ya zagaya su yana taɓawa da ƙafa. Ya ce safaya tana da ƙarfe a tsakiya, tana da iska a ciki. Waɗannan fanko ne, matattu, irin waɗanda masu faci ke zubarwa bayan rumfa. Ga wayoyi nan sun fito kamar gemun akuya. Na ce shi da ya sani me ya hana shi faɗa. Ya ce ai sai yau ya san a kan taya yake kwana.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kowa da ka tambaya sai ya ce dabararsa ce. Kowa shi ya hango tayar, shi ya nemi jingina, shi ya ja har mutumin ya yi kuka. Mutumin nan bai taɓa ce wa kowa ga taya ba. Ɗaure ta kawai yake a bayan babur ya tsaya inda za a gan ta. Sau goma sha huɗu ya shigo garin nan da taya ya fita babu, muna zaune muna kallo, ba wanda ya ce uffan, don kowa na tsoron a tambaye shi tasa.

Dariya ta lafa. Sai a lokacin kowa ya gane abin da tayoyin nan ke faɗi. Matar wanzami ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

“Ashe tahiya za ki yi ki bar ni, Yaya? Bayan na ba ki irin gero?”

“Ke da kika yaɓe katanga fa? Don wa kika yaɓe ta, don ƙadangaru?”

Tunda asiri ya riga ya tonu, sai wata dabara ta fito wadda da mun yi ta tun farko da ba a kai nan ba. Da can kowane gida mota guda yake biya shi kaɗai. Yanzu gida bakwai munka haɗa ɗan abin da ya rage mana, ya isa mota ɗaya in kowa ya rage kaya. Anka ce ni za ni riƙe, ni za ni je Sabon Birni in nemo direba. Wai saboda na iya karatu. Na san ba don haka ba ne, don dai in an sake cutarmu a sami wanda za a zaga. Na ɗaure kuɗin a ƙugu, na bar Inna hannun matar wanzami, na hau kabu-kabu.

A tasha anka nuna mini wani tsohon direba, siriri, haƙoransa ja da goro, yana zaune a inuwar motarsa mai bodin katako. An ce shi kaɗai ke yarda ya shiga wajenmu. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na faɗi bukata.

“Rabi yanzu,” in ji shi. “Rana kuma ba ni faɗi.”

“Haka wancan ya ce.”

“To ya faɗi daidai.”

“Rasit fa?”

“Ban iya rubutu ba.”

“To ba ni safaya jingina.”

Sai a nan ya ɗago ya dube ni. “In ba ki safaya in shiga daji da mi?”

“Haka wancan ya ce!”

“Shi ya ba ki. Ni ba ni ba ki. Gwaggo, in kin gama matsa mini daga iska.”

“To da mi za ni gane kai ba ɓarawo ba ne?”

“Ba ki ganewa. Ni da mi za ni gane ke ba infoma ba ce?”

Na tsaya ina dubansa. Takarda ta ci ni, jingina ta ci ni. Abin da ya rage wanda ban gwada ba shi ne ni kaina. Na zagaya, na buɗe ƙofar gaba, na tattare zane, na hau na zauna.

“Ke! Mi kike yi?”

“Kuɗin na ƙuguna. Ga kafin alƙalaminka nan zaune. In za ka sha mai, in biya ina kallo. Ranar da ba ka faɗi, kada ka faɗa. Duk ranar da ta zo, ta iske ni nan.”

Ya kira mutanen tasha su fitar da ni. Sunka zo sunka leƙa, sunka ga tsagar fuskata da yadda na harɗe hannu. Ɗaya ya ce, “Malam, Bagobira ce. Ka tahi da abinka.”

Kwana uku na yi a motar nan. Ranar farko albasa munka kai Isa. Mun bi ta gaban rumfar ɗana, na leƙo ta taga na kira shi, ya taso da gudu yana tambayar ina Inna, na ce tana gida, ni ma wucewa nake. In lokacin salla ya yi, a gaban motar nake shimfiɗa gyale, dab da hancinta, in zai gudu sai dai ya bi ta kaina. A ciki nake kwana, shi ya tafi barandar masallaci. Rana ta biyu awaki munka ɗauka zuwa kasuwar Bafarawa. Mutane sunka gan ni a gaba na hakimce, sunka ɗauka ni ce mai motar, sunka riƙa zuwa wurina ciniki. Na ga tsohon nan arha yake yi, sai na karɓi cinikin. Wani mai buhunan dawa ya ce, “Hajiya, direbanki ya saba yi mini ragi.” Na ce shi ya sa motata ta tsufa. Direba ya buɗe baki zai yi magana, ya ga abin da mutumin ya ƙirgo, ya mayar da goro baki.

Duk wannan ina kallon sama. Daren na biyu an yi ruwa a gabas, mun ji ƙanshinsa. Da safe na ce, “Direba, gulbi.” Ya ce, “Na gani.” Bai ƙara ba.

Munka sauke kaya a Tozai. Maimakon ya juya inda munka fito, sai ya karya kan mota ya ɗauki wata hanyar daji, bai ce mini komai ba. Tafiya ta yi tafiya, sai na fara ganin itatuwan da na sani. Da munka iso gulbi, yashi ya ɓace, jan ruwa na gudu iya idon sawu. Ya tsallake, ya tofar da goro.

“Ruwan ga ƙaruwa shikai. Dahuwar shayi na ba ku. Wanda bai hau ba, sai kaka.”

Na diro tun motar ba ta gama tsayawa ba, ina kiran gidaje. Kaya sunka fara fitowa daga ɗakunan da anka yi wa sabon yaɓe. Turmi, tabarmi, kaji a ɗaure, keken ɗinki. Dattijo mai tabarma ya zo da 'yar tayarsa zai ɗora. Direba ya jefo ta ƙasa. Ya ɗauka ya sake miƙawa, yana cewa kuɗinsa ya biya. A ƙarshe a wuya ya rataya ta ya hau.

Mu huɗu munka ɗauko Inna a kan katifa. Mun kai zaure ta kama bakin ƙofa da hannunta mai lafiya.

“Ku aje ni.”

“Inna, ruwa na tahe!”

“Shekara sittin ina shan ruwan garin ga. Ba ni hita awa ɓarauniya ban nemi gahwara ba. A kai ni gida gida.”

Direba ya danna oda. Na ce Inna babu lokaci. Ta ce to a mayar da ita ɗaka. Na san hannun nan, shi ya yi renona, ba a ɓamɓare shi. Na je wurin direba na ce garin hanya ɗaya gare shi, ya bi ta a hankali, shi ke nan abin da nake roƙo. Ya ce a duniya bai taɓa ganin masu gudun hijira da shela ba. Na ce yau ya gani.

Munka ɗora ta can baya, munka jingina ta da buhunan gero tana fuskantar gari. Muryarta ba ta kai ko'ina, saboda haka ita ta faɗa, ni in ɗaga. Ni da na yi wata guda ina ɓoye tafiyata har ga kazata, ga ni tsaye a bayan mota ina riƙe da katako ina kururuwa.

“Gidan liman! Inna ta ce ku yahe mata!”

“Mun yahe! Allah yahe mu baki ɗai!”

“Gidan maƙera! Ta ce ludayin da ta ara shekarar da anka haƙa rijiya, ya karye ne, ba ɓata ya yi ba!”

Wata tsohuwa ta fito tana dariya tana kuka, tana cewa ai ta sani. Wasu gidajen babu kowa, an daɗe da tashi, ƙofa a buɗe. Inna ta ce a faɗa duk da haka, na faɗa. Mutanen da za su zauna sunka biyo motar a ƙasa, suna miƙo hannu suna taɓa katifar. Da munka zo wani gida mai darbejiya a ƙofa, gidan wata sa'arta da sunka yi shekara talatin ba su ga maciji saboda wata magana da anka yi a wurin suna, na buɗe baki, Inna ta daki ƙafata.

“Wanga wuce. Ita za ta nema wurina.”

Matar na tsaye a zaure da sanda. Ta dubi Inna, Inna ta dube ta, mota ta wuce.

Ruwa ya kai gwiwa da munka dawo gulbi. Direba ya yi bisimilla ya shiga. A tsakiya injin ya yi tari, motar ta karkata, mata sunka sa salati, kaji sunka ɗauka. Na kwanta a kan Inna na riƙe katako. Na ji ruwa na dukan ƙasan bodin. Sai injin ya sake kamawa, munka hau gaɓa muna zubar da ruwa ta ko'ina. Inna ta ce in ɗaga ta, na danne mata numfashi.

Da la'asar munka shiga Isa. Na kwance ƙugu na ba direba haƙƙinsa cif. Ɗana da maƙwabtansa sunka shigar da Inna ɗaki. Ta sha fura, ta dubi rufin, ta ce ɗakin ya yi ƙanƙanta, ta yi barci.

Washegari labari ya zo cewa an kwana ana ruwa, gulbi ya cika baki da baki, ko babur ba ya wucewa. Na shiga na gaya mata. Ta riƙa murza bakin zane da yatsu.

“In an samu mai zuwa,” in ji ta, “ko da kwalekwale ne, a gaya wa mai darbejiya an yahe mata.”

Na ce to.

“Amma kada a ce ni na ce.”